Kayan jariri a Damagaram: tambayoyin da masu ciki da mazajensu ke yawan yi

Goyo huɗu na yi, na kuma zauna wa ƙannena biyu jego, shi ya sa duk wadda cikinta ya tsufa a dangi ko a unguwa sai ta biyo ta gidana da tambaya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na ga gara in tattara su wuri guda. Abin da na lura shi ne, kuɗinmu sun fi tafiya a kan kayan da 'yan barka za su gani, alhali kayan da ke tsare ran yaro masu araha ne, wasu ma kyauta ake ba da su. Inda magana ta shafi ciwo, maganar ungozomar likita ce gaba da tawa.

Me ya wajaba in tanada kafin ranar haihuwa?

Zannuwan auduga masu laushi biyar ko shida, riguna marasa nauyi kamar shida, hula biyu, safa, tawul, robar wanka, sabulu marar ƙamshi, abin tare kashi da fitsari, sange mai magani, da ma'aunin zafin jiki. Ke kanki kina buƙatar audugar mata mai kauri da zannuwan da ba ki jin asararsu. Ki zuba na zuwa likita a jaka ɗaya tun ciki na wata takwas, ki sa karnen awo, wato katin awon ciki, a sama, ki nuna wa maigida inda jakar take.

Ban da kaya, a ware kuɗi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aikin fiɗa na haihuwa kyauta ne, amma magani kan yanke, a rubuto muku takarda ku nufi farmasi. Ga kuma kuɗin abin hawa in naƙuda ta tashi da tsakar dare. Maigida, wannan ajiyar ta riga ragon suna.

Yaushe zan fara saye, kuma ina ya fi sauƙi?

Ki fara daga wata shida, kaɗan-kaɗan, duk lokacin da jika ɗaya ko biyu suka rage a hannu. Wadda ta bari sai naƙuda ta matso takan saya da gaggawa, mai gaggawa kuwa ba ya ciniki. Tufafi da roba da zannuwa, Kasuwar Dole ta ishe ki, kuma yawancinsu daga Kano ake shigo da su, saboda haka farashinsu yakan bi canjin naira da sefa. Magani da ma'aunin zafi dai a farmasi kawai.

Kada ki cika sayen riguna na sabon haihuwa. Cikin wata biyu sun matse shi, kuma ranar suna za a kawo miki sabulu da riguna da turamen zani har ki rasa wurin ajiya. Ki sayi na satin farko, ki jira barka ta wuce, sannan ki ga abin da ya rage.

Kayan bosho ba su da illa ga jariri?

Tufafin bosho, wato gwanjo, sau da yawa sun fi sababbi masu araha kyau, don audugarsu ta gaske ce kuma wanki ya riga ya tausasa ta. Ki ja kowane maɓalli da ɗan ƙarfi, wanda ya yi lakwal ki cire shi ko ki sake ɗinke shi. Rigar da ke da igiya a wuya ki zare igiyar. Ki juya safa ki duba zaren ciki, domin zare ɗaya yana iya naɗe ɗan yatsa har jini ya daina kai masa. Sai wanki da sabulu, shanya a rana, da guga.

Akwai abu guda da nake roƙon kowace uwa: kada ki ajiye kayan jariri da kafur, waɗannan fararen ƙwallaye da muke jefawa cikin akwati saboda kyankyaso. Sinadarin da ke cikinsu yana farfasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai, musamman maza masu wani rauni na gado da ya yawaita a Afirka ta Yamma, sai shawara mai tsanani ta biyo baya. In kayan gado ne daga yayyensa kuma suna warin kafur, a yi ta wankewa da shanyawa har warin ya fita sarai.

Abin da ba na saye a bosho: kan bibiro (kwalbar shayar da jariri), katifar da ta lotsa, da kujerun kwanciya masu gangare, waɗanda na yi bayaninsu a ƙasa.

Dole ne in sayi gadon jariri?

Ba dole ba ne. Abin da yake dole shi ne wurin kwanciyar ya zama shimfiɗaɗɗe, mai ɗan tauri, babu matashi, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana, kuma a kwantar da yaro rigingine, a kan bayansa, dare da rana, har ya shekara. Iyayenmu sukan ce a kifa shi ko a sa shi a gefe don kada tumbiɗi ya shaƙe shi. Na san da ƙauna suke faɗa, amma jariri mai lafiya da ke rigingine yana haɗiye tumbiɗinsa ko ya tofar, kuma ƙasashen da suka koma kwantar da jarirai a baya tun shekarun 1990 sun ga mutuwar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai. Wanda aka kifa a katifa mai laushi, hancinsa na iya nutsewa, wuyansa kuwa bai yi ƙwarin da zai ɗago ba.

In za ki ba kafinta ya yi miki gado, ki ce masa tazarar da ke tsakanin sanduna kada ta wuce santimita 6, kamar faɗin yatsu uku na babba. Katifa ta cika gadon tam, kada a bar ramin da fuska za ta faɗa. Ya goge katakon, kada kan ƙusa ya fito. In ba hali, 'yar katifa mai tauri a kan tabarma kusa da shimfiɗarki ta wadatar, muddin tana cikin sange.

Gaskiyar gidajenmu ita ce yawancinmu da jaririn muke kwana, ga shayarwar dare, ga ɗaki ɗaya. Wurinsa daban a gefenki ya fi aminci, aƙalla wata shida na farko. In kuwa shimfiɗa ɗaya ce, to ki kawar da matashinki da bargonki daga kansa, kada yayansa ya kwanta a gefensa, kada a sa shi tsakanin katifa da bango inda akwai rami, kada mai shan taba ko wanda ya sha maganin sa barci ya kwana kusa da shi. Kujerar kushin ta falo ita ce mafi hatsari. Mai jego ta gaji, ta zauna shayarwa, barci ya sace ta, yaro ya zame cikin lungun kujera. In kin ji barci na fizgar ki, ki koma shimfiɗa.

Wannan ƙaramar katifa mai laimar raga da ake kawowa barka fa? Da kujerar lilo?

Mai laimar tana da amfani da rana, a tsakar gida, don ƙuda, idonki na kansa. Ki cire ɗan matashin da take zuwa da shi. Ragarta ba ta da magani, kuma da yaro ya fara juyi yakan manna hannu a jikinta sauro ya cije shi ta waje, don haka ba ta maye gurbin sange da dare.

Kujerar da ke kwantar da jariri a gangare kuwa ba wurin barci ba ce. Kansa yakan faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta toshe. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kujerarsa Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai fiye da 30, kuma a 2022 Amurka ta yi dokar hana sayar da irin waɗannan kujeru da kuma kushin da ake zagaye gado da shi. Kayan da aka daina so a can suna iya ƙarewa a dilar bosho, su zo mana da kyan gani da araha.

Wane sange ya dace, kuma sai na saya?

Mai magani, babba, wanda zai rufe ke da shi. A wurin awo ake ba masu ciki kyauta, ki tambaya in ba a ba ki ba. Sabo ki baza shi a inuwa kwana ɗaya kafin ki ɗaura, don kada ya yi muku ƙaiƙayi. Ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe, ki ɗinke huda tun tana ƙarama. Wanki sai ya yi datti, da sabulu na gari ba mai kaifi ba, shanya kuma a inuwa, don rana na kashe maganin. Yakan yi kamar shekara uku.

Lokacin zafi da muke fita kwana a tsakar gida, sangen ya fita tare da ku. Maganin sauro na kunnawa ba na ɗakin jariri ba ne, hayaƙinsa na taɓa ƙirji. Da damina kuma, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun zo ƙofa, ana fara ba yaro daga wata 3, wata-wata. Wannan ƙari ne a kan sange, bai ɗauke shi ba.

Famfas ko ƙyalle?

Ki yi lissafi. Sabon haihuwa yana ɓata takwas zuwa goma a yini, wato kusan 300 a wata. Gida kaɗan ne za su iya wannan, shi ya sa sai ka ga an bar yaro da famfas ɗaya tun safe har la'asar don a yi tattali, cinyoyinsa su saɓule. Ƙyalle kuma yana cin ruwa da sabulu, mu kuwa a Damagaram mun san darajar jarka ɗaya in famfo ya ɗauke a watan Afrilu.

Abin da ya yi mini aiki shi ne haɗawa. Tsofaffin zannuwan auduga da aka yayyanka aka kalmashe bakinsu, kamar ashirin, don yini a gida. Famfas don dare da zuwa likita da unguwa. Ki riƙa barin sa tsirara a kan leda da zani na ɗan lokaci ya sha iska. Famfas da ake sayarwa ɗai-ɗai a buɗe, ƙura na sauka a kai, ki bar shi.

In sayi bibiro da madarar gwangwani in ajiye, ko da nono zai yi jinkiri?

Kada ki saya. Nonon farko, mai kauri rawaya, wanda wasu ke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafin farko, kuma cikin jariri ranar haihuwa bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu ba a kowane sha. Yawan tsotso ne ke kawo ruwan nono. Da an ba shi bibiro ya ƙoshi, ya rage tsotso, nono ya ja baya, sai a ce ai dama ba ta da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, ko da a zafin watan Mayu ne, domin mafi yawan nono ruwa ne. Uwar ce za ta yawaita sha. Zuma kuwa sai ya shekara.

In larura ta sa likita ya ce a ba da madara, kamar rasuwar uwa ko ciwo mai nauyi, to ta jarirai ce, mai lambar watanninsa a jiki. Madarar shayi, ta gari ko ta ruwa, ba abincin jariri ba ce. A tafasa ruwa, a dama yana da sauran zafi sosai, a huce, a bi ma'aunin gwangwani daidai, kada a tsinka don ya daɗe. Abin da ya rage bayan ya sha a zubar. Ƙaramin kofi ya fi bibiro sauƙin wankewa, kuma jariri na iya kurɓa da shi. Bibiron da ya yini cikin jaka a zafinmu, ƙuda na bin kansa, hanyar zawo ce kai tsaye.

Me zan saya don cibiya?

Ki tambayi ungozoma maganin da ake kira kulorheksidin, wanda aka yi musamman don cibiya. A cibiya kawai ake sa shi, kada ya kusanci ido ko kaɗan, ki ajiye shi nesa da duk wani maganin ɗigawa. Ban da shi, cibiya ba ta son komai sai tsabta da iska. Ki naɗe bakin ƙyalle ƙasa da ita. Takan faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu.

Toka, man goge haƙori, man zafi, gashi da tsumma ko kasko, duk a bar su, ko da gaggawar a ga ta faɗi kafin suna. Ta nan tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, ke shiga. In gindinta ya yi ja, ko tana wari ko ruwa, a tafi likita a ranar.

Kayan wanka da shafa fa: sabulu, mai, hoda, kwalli?

Wankan farko a jinkirta shi har kwana ɗaya, a goge shi kawai a rufe shi a ƙirjin uwa. Bayan nan robar wanka ta kasuwa ta isa. A fara zuba ruwan sanyi, sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Tukunyar wankan jego da ke tafasa a tsakar gida, a nisanta ta da inda ake wa yaro wanka da inda yayyensa ke wasa. Kada a bar shi cikin ruwa a je ɗauko tawul.

Man kaɗanya mai kyau ko basilin marar ƙamshi sun wadatar. Man tub da mata ke haɗawa don haske kada ya taɓa fatarsa. Hoda ban ga amfaninta ba, ƙurarta na shiga huhu, kuma Johnson & Johnson da kansu sun daina sayar da hodarsu ta talk a duniya a 2023.

Kwalli ne maganar da ke jawo mini musu da gwaggona. Na dutse, mai ƙyalli, yawancinsa dalma ce, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Hanyar ta bambanta, gubar ɗaya ce. Nakan ce mata, "Gwaggo, ki yi haƙuri, idon nan nasa ya yi kyau haka."

Yaya zan sa masa kaya lokacin ɗari da lokacin zafi?

Ƙa'ida mai sauƙi: abin da kika sa, shi a ƙara masa ɗaya. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba tafin hannu ba. In da gumi, a rage. A watan Disamba da Janairu hula da safa na da amfani, amma in zai yi barci a ɗaki a tabbata hula ba za ta zamo ta rufe fuska ba. Kaskon gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a kwanta.

In sayi abin goyo na zamani? Kuma yaya za mu hau kabu-kabu?

Zani da majanyi sun fi yawancin masu arahar da na gani, waɗanda madaurinsu na roba ke karyewa. Kafin wata huɗu wuyansa bai tsaya ba, saboda haka zanin ya tallafi ƙeya, fuska ta juya gefe, hanci a buɗe. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne dogon hijabi mai kauri a kan goyo da tsakar rana. Na taɓa sauka daga kasuwa na kwance ɗiyata, na same ta jiƙe sharkaf, ta yi laushi, ko kuka ba ta iya yi. Tun ranar nake ɗage hijabin ta gefe ko in sa mayafi marar nauyi, ina kai hannu ina taɓa ta.

Babur ba shi da wata hanya mai aminci ga jariri. In da hali a ɗauki adaidaita ko mota. In ya zama dole, a tattara bakin zani da hijabi kada su shiga taya, a ce wa direba ya tafi a hankali. Mai mota kuma, kujerar jariri tana baya, tana kallon baya, a ɗaure da bel, kuma in ta taɓa yin hatsari ba a sake amfani da ita.

Wane magani zan ajiye a gida?

Ma'aunin zafi mai batir, shi ke nan, sai abin da likita ya rubuta. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafinsa ya kai digiri 38 a ma'auni, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko idonsa da tafinsa sun yi rawaya, ko jikinsa ya yi sanyi, ba a gwada magani a gida. A tafi likita ko da dare ne.

Ruwan maganin haƙori da na kumburin ciki da masu talla ke yawo da su a rana, ki bar musu. A 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya saboda gubar da ta shiga haɗinsa, a 2022 kuma maganin tari ya kashe yara kusan 70 a Gambiya. Ki riƙe karnen rigakafi kamar kuɗi: allurar haihuwa, sai sati 6, 10, 14, sai wata 9.

Keken koyon tafiya da kayan wasa fa?

Keken da ake zaunar da yaro a ciki ba ya sa tafiya da wuri, sai dai ya kai shi bakin murhu ko bokitin ruwa kafin ki juyo. Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Tabarma a ƙasa ta fi. Abin wasa kuma, duk wanda zai shige bakinsa gaba ɗaya, ko mai ƙaramin batir kamar maɓalli, a kawar. Laya ko tsakiya a wuyan jariri na iya sarƙewa cikin barci, gara a cire igiyar daga wuya.

An haifi nawa bakwaini. Akwai kaya na musamman?

Wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, babban abokin gabansa sanyi ne, ko da mu muna jin zafi. Kayansa hula, safa, ƙyalle, da zani ɗaya mai ƙarfi. A ɗora shi tsirara a ƙirjin uwa tsakanin nonuwa, fata da fata, kansa a juye gefe, a ɗaure da zanin, ta sa riga mai buɗaɗɗen gaba a kai. Ana kiran wannan goyon kangaru, an fara shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben jarirai suka yi musu kaɗan. Sa'o'i da yawa ake so a yini, saboda haka in uwa za ta yi wanka ko ta ci abinci, uba ko kaka su karɓa su ɗaura a nasu ƙirjin. Kwalbar ruwan zafi da kaskon wuta ba sa cikin kayansa. In bai iya tsotso ba tukuna, a tatsa nono a ƙaramin kofi a ba shi kamar yadda na faɗa a amsar bibiro, kuma a riƙa kai shi awon nauyi duk ranar da ungozoma ta sa.